Yadda Ake Canza Aksul Na Baya Da Sifirin A Tsohuwar Mota A Gida

Motar da ta yi shekara hamsin ko sittin, ko da injinta na tashi lafiya, bayanta yakan riga ya gaji. Sifirin ya kwanta, bushin, wato robar idon sifirin, ya tsattsage, aksul yana kuka a kan titi, birkin baya kuma suna kawai. In an ƙara wa injin ƙarfi, tsohon aksul ɗin ne yakan fara karyewa. Ana iya yin wannan gyara a gida, amma wanda zai fara ya sani cewa kwance noti shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Babban aikin awo ne: ka auna komai kafin ka kwance, kuma kada ka ƙarasa walda ko ɗaurin ƙarshe sai nauyin motar yana kan aksul. Bayanin nan na motar da ke ja da baya ce, mai sifirin ɗin ganye.

Kayan aiki

Kana buƙatar jak mai ƙafafun gungura wanda zai ɗauki tan biyu ko uku, da matokaran ƙarfe guda huɗu, biyu na jikin mota, biyu na aksul. Sai sifanoni da soket, dogon sandan kwance noti, sifanar awon ƙarfin ɗauri, sifanar fayif ɗin birki, guduma, buroshin waya, garanda da faifan yanka, tef na awo, alli, da ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu. In babu ma'aunin kusurwa, manhajar awon kusurwa ta wayar hannu tana yi, muddin ka cire wa wayar riga kuma ka ɗora gefenta a kan shafaffen ƙarfe. Ka tanadi zare mai ɗaure da noti a baki, don sauko da awo daga jikin mota zuwa ƙasa. In ba ka iya walda mai kyau ba, ka shirya da mai walda tun kafin ka fara.

Kada ka tokare mota da bulo ko tubali. Suna farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Jak ma na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa.

Kayan da za a saka

Aksul ɗin da ka zaɓa, sifirin biyu sababbi, shakul (mahaɗin da ke rataye wutsiyar sifirin a shasi) da bushin, sabbin yubol (kusoshi masu siffar U da ke ɗaure aksul da sifirin) huɗu da notinansu, kujerun sifirin (ƙarafan da ake walda wa aksul don ya zauna kan sifirin) biyu daidai da kaurin bututun aksul, shokazoba biyu, robar da ke tare aksul kada ya bugi jikin mota, tiyon birki da fayif ɗin birki mai inci 3/16, man birki DOT 3 ko DOT 4, man giya 80W-90 GL-5 lita uku, sil da boris na bakin shaf, gam na gaskit, da man feshi mai kashe tsatsa.

Mataki na 1: Auna motar tana kan tayoyinta

Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen siminti, iskar taya daidai, tanki rabi. Ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a kowane gefe, ka rubuta. Ka auna tazarar tsakiyar tayar gaba da ta baya, dama da hagu. Ka duba ratar da ke tsakanin taya da madigadi ta waje, da tsakanin taya da sifirin ta ciki. Sannan ka ɗauki kusurwa uku: ta bakin giyabos, ta farfela (sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul), da ta finiyon (ƙaramar giyar bakin aksul da farfela ke juyawa). Ka ɗauki hotunan yadda fayif ɗin birki da wayar hambirki suka bi.

Bayan an cire tayoyi za ka ƙara awo biyu: faɗin aksul daga fuskar da wili ke zama zuwa ɗaya fuskar, da tazarar sentabol (kusar da ke haɗe ganyayyakin sifirin) na dama da na hagu. Waɗannan biyun su ne za su gaya maka ko sabon aksul zai shiga.

Mataki na 2: Zaɓen aksul

Abu huɗu ake dubawa: faɗi, tsarin ramukan wili, rashiyon giya (yawan juyin finiyon a juyi ɗaya na taya), da wurin da finiyon ya faɗo.

A motocin Amurka, waɗanda aka fi nema su ne Ford 9-inch da aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, da GM 12-bolt, da Dana 44, da Ford 8.8. Ga mai aiki a gida, 8.8 na Ford Explorer daga 1995 zuwa 2001 shi ne na fi ba da shawara. Yana zuwa da birkin faifai, shaf ɗinsa mai haƙora 31 ne, da yawansu kuma suna da difaranshal mai kamawa wanda ba ya barin taya ɗaya ta yi ta juyawa ita kaɗai. Faɗinsa kusan inci 59.5 ne, wanda ya yi kusa da na Mustang ta 1967 zuwa 1970 mai inci 59.25, amma ya fi na 1965 da 1966 da wajen inci biyu. Bambancin inci ɗaya a kowane gefe ana iya cinye shi da wili mai zurfin ciki. In ya wuce haka sai an rage bututun, kuma wannan aikin masu injin daidaita aksul ne. Ka kuma lura cewa finiyon ɗin Explorer ya karkata zuwa gefen dama, saboda haka ka duba ko farfela za ta goga ramin da take bi.

Ramukan wili na Ford da Chrysler galibi biyar ne a kan inci 4.5, wato milimita 114.3. Na motocin GM biyar ne a kan inci 4.75. Sun yi kusa har mutum ya yi zaton za su shiga da ƙarfi. Ba sa shiga, kuma tilasta su yana karya kusoshin wili.

Rashiyo shi ne inda mutane suka fi yin nadama. Ka lissafa juyin inji a giyar da ke tafiya ɗaya da ɗaya kamar haka: gudu a kilomita, sau rashiyo, sau 209, a raba da tsayin taya a inci. Da taya mai inci 26 a gudun kilomita 100, rashiyon 3.00 zai ba ka juyi kusan 2,400 a minti, 3.73 zai ba ka kusan 3,000, 4.10 kuma kusan 3,300. In giyabos ɗinka ba shi da giyar da ke sauke juyin inji a babban titi, 4.10 zai sa motar ta yi ta ihu tana shan mai. Tsakanin 3.25 da 3.55 ya fi zama lafiya ga motar yawo.

Kada ka dogara da alamar da ke jikin aksul kawai, don mai yiwuwa an taɓa canza giyar. Ka juya shaf ɗaya da hannu. In ɗayan ya bi shi gefe ɗaya, mai kamawa ne: ka juya shi zagaye ɗaya cif, ka ƙirga juyin finiyon. In ɗayan ya juya baya, ka riƙe shi, ka juya na hannunka zagaye biyu, ka ƙirga. Juyi uku da kashi uku cikin huɗu shi ne 3.73. In ka buɗe murfi, ka raba haƙoran kirawun (babbar giyar da finiyon ke juyawa) da na finiyon: 41 da 11 shi ne 3.73, 41 da 10 shi ne 4.10.

Mataki na 3: Gyara sabon aksul a ƙasa

Ka ɗora shi kan matokarai, ka buɗe murfi, ka zubar da mai. Baƙin mai mai laushin gari ba damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da ake ji a yatsa yana nufin boris ko haƙori ya ci. Ka duba haƙoran kirawun ɗaya bayan ɗaya. In kana da agogon awo, wasan da ke tsakanin kirawun da finiyon a 8.8 ya kasance tsakanin milimita 0.20 da 0.38.

A 8.8 wani ƙaramin ƙarfe mai siffar C ne ke riƙe kowane shaf daga ciki. Ka kwance ƙaramin notin da ke kulle fil ɗin tsakiya, ka zare fil ɗin, ka tura shaf ciki, ƙarfen zai faɗo, sai ka zare shaf. Wannan ƙaramin noti yana yawan karyewa, don haka ka yi amfani da soket mai kusurwa shida, ka kuma sa sabo wajen mayarwa. Ka duba inda boris ke gudu a kan shaf, in ya yi rami shaf ɗin ya ƙare. Ka canza boris da sil.

Babban notin finiyon kuwa ka bar shi. A bayansa akwai wani zobe da ake matsewa sau ɗaya don daidaita tsaurin boris. In ka ɗaure shi da ƙarfi fiye da yadda yake, boris zai ƙone, in ya yi sako-sako aksul zai yi kuka.

Ka yanke tsoffin kujeru da sauran maƙalan da ba ka buƙata da garanda, a hankali, kada ka ci naman bututun. Ka buɗe ramin numfashin aksul, don in ya toshe zafi yana tura mai ta sil zuwa birki.

Mataki na 4: Sauke tsohon aksul

Kwana biyu kafin ranar, ka fesa man tsatsa a kowane noti. Ranar aiki ka cire kan batir, ka tare tayoyin gaba, ka sassauta notin wili, ka ɗaga motar, ka sa matokarai a ƙarƙashin shasi gaban idon sifirin na gaba. Ka girgiza motar da ƙarfi ka tabbata ta zauna.

Ka yi wa farfela da bakin finiyon alama, ka kwance ta, ka naɗe kuros (mahaɗi mai siffar gicciye a bakin farfela) da tef kada kofunansa su zube. In ka zare ta daga giyabos mai zai biyo, sai ka toshe bakin. Ka cire tiyon birki a inda ya haɗu da fayif ɗin jikin mota, ka toshe fayif ɗin, ka saki wayar hambirki. Ƙurar tsohon birki tana iya ƙunsar asbestos, saboda haka ka jiƙa ta ka goge, kada ka hura ta da iska.

Ka sa jak ƙarƙashin tulun aksul, wato kumburin tsakiyarsa, ya ɗan ɗauki nauyi, sannan ka cire shokazoba da yubol. Yubol da ya ƙi kwancewa ka yanke shi, ai ba za a mayar da shi ba. Ka cire shakul na baya, ka sauke wutsiyar sifirin ƙasa, ka gungura aksul waje a kan jak. Ya haura kilo 70 kuma yana son kifewa ta wajen finiyon, don haka mutum biyu ake so.

Kusar idon sifirin na gaba takan manne da bututun bushin saboda tsatsa. Duka da guduma yana lanƙwasa maƙalin ne kawai. Ka yanke ta a gefe biyu na idon. Tankin mai yana kusa, saboda haka ka kare shi daga tartsatsi da jiƙaƙƙen bargo, in kuma kana jin warin fetur ka sauke tankin gaba ɗaya.

Da wurin ya buɗe, ka tsokani maƙalan sifirin da shasi da sukurudireba. In ya huda, ka tsaya a gyara ƙarfen tukuna.

Mataki na 5: Saka sifirin

Sifirin biyun tare ake canzawa. Ka duba sentabol: a yawancin motoci ba a tsakiya yake ba, gajeren ɓangaren ne ke kallon gaba. In ka juya shi, taya ba za ta zauna a tsakiyar madigadi ba. Ka sa idon gaba, ka zura kusa da ɗan giris a jikinta, ka ɗaura noti da hannu kawai. Bushin ɗin roba ya fi laushi da shiru. Na foliyuretan ya fi riƙe mota a kwana, amma sai an shafa masa giris ɗin silikon, in ba haka ba zai yi ta ƙara. Kada ka sa wa roba giris na man fetur, yana kumbura ta.

Ka guji dogon shakul don ɗaga bayan mota, yana ɓata kusurwar finiyon kuma yana sa baya ya riƙa lilo. In saukar da ita kake so, sifirin mai ƙarancin lanƙwasa ya fi dungun ƙarfe da ake cusawa tsakanin aksul da sifirin. In dole sai dungun, kada ya wuce santimita biyar.

Mataki na 6: Zaunar da aksul da daidaita kusurwa

A nan aikin yake kyau ko ya lalace. Ka ɗora kujeru a kan sentabol ba tare da walda ba, ka gungura aksul ya hau su, ka mayar da shakul, ka ɗaura yubol daidai yadda aksul zai iya juyawa in an buga shi da gudumar roba. Sannan ka ɗaga aksul ka mayar da matokarai ƙarƙashin bututunsa, yadda nauyin motar gaba ɗaya zai koma kan sifirin. Ka ɗaga gaban motar ma ta daidaita kamar tana kan titi.

Ka fara da tsakaita shi. Ka auna daga fuskar wili zuwa shasi a kowane gefe har su zo ɗaya. Kada ka tsakaita da tulun aksul, tunda finiyon na iya karkata. Sai ka sauko da zare daga wuri ɗaya a shasi dama da hagu, da kuma bakin aksul biyu, ka yi alama a ƙasa, ka auna a gicciye. In awon gicciye biyu ya bambanta da fiye da milimita uku, motar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Yanzu kusurwa. Kuros ba ya juyawa da gudu ɗaya in yana a lanƙwashe, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye. Kuros na biyu ne ke soke wannan, amma sai in lanƙwasarsu ta zo daidai. Shi ya sa ake so layin finiyon ya yi daidai da layin giyabos. In wutsiyar giyabos ta sunkuya digiri uku, hancin finiyon ya ɗaga digiri uku. Lanƙwasar kowane kuros ta kasance tsakanin digiri ɗaya da uku, kuma bambancinsu kada ya wuce digiri ɗaya. Kada ta zama sifili, don allurorin cikin kuros suna buƙatar ɗan motsi, in ba haka ba sai su yi rami a wuri ɗaya.

Mota mai sifirin ɗin ganye tana da ƙarin hali: in an taka totur, hancin finiyon yana ɗagawa saboda sifirin na murɗewa. Don haka ake sauke hancin da wajen digiri biyu daga wancan lissafin, yadda zai dawo daidai in an taka totur. A misalin nan, sai ka bar shi a ɗage digiri ɗaya maimakon uku.

In komai ya zauna, ka ɗiga walda huɗu a kowace kujera, ka sake awo, ka sauke aksul, ka zare shaf, sannan a yi cikakkiyar walda a ƙasa. Ana yin ta guntu-guntu, santimita biyu zuwa uku, ana tsallakawa daga wannan kujera zuwa waccan ana bari ta huce. Walda mai tsawo a lokaci ɗaya tana lanƙwasa bututu, kuma lanƙwasasshen bututu yana cin boris har abada. Kada a sa wayar as ɗin walda yadda wuta za ta ratsa boris. In bayan walda ka ga kuskuren digiri ɗaya ko biyu, akwai ɗan ƙarfe mai kauri a baki ɗaya, siriri a ɗayan, da ake sawa ƙarƙashin kujera. Ka nemi na ƙarfe, na alminiyom yana fashewa.

Mataki na 7: Ɗaurin ƙarshe da shokazoba

Ka mayar da aksul, ka ɗaure sabbin yubol a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku. Ka bi adadin da mai ƙera su ya rubuta. Tsohon yubol ya riga ya miƙe, ba ya sake riƙewa, kuma sakakken yubol ne ke karya sentabol. Kusoshin idon sifirin da na shakul sai nauyin mota yana kan aksul ake ɗaure su. In ka ɗaure su aksul na reto, robar za ta murɗe da zarar motar ta sauka, ta yage cikin watanni.

Ka auna tazarar maƙalan shokazoba a tsayin tafiya, sannan da aksul a sake. Shokazoba ya kasance kusan a tsakiyar tafiyarsa. Robar tarewa ce za ta fara taɓa aksul kafin shokazoba ya ƙure, in ba haka ba ramin farko zai fasa shi ko ya tsinke maƙalinsa.

In motarka mai sifirin ɗin murɗe ce, ka sauke aksul a hankali da jak har sifirin ya saki kafin ka taɓa shi, kuma ka nemi aksul mai maƙalan da suka dace da hannuwanta. A can ana gyara kusurwar finiyon da hannuwan sama masu daidaituwa.

Mataki na 8: Farfela

Sabon aksul kusan kullum yana canza tsawon da ake buƙata. Da nauyin mota a kan aksul, ka tura bakin farfela cikin giyabos har ya ƙure, ka jawo shi baya santimita biyu zuwa biyu da rabi, ka auna daga tsakiyar kuros zuwa tsakiyar kuros. Wannan awon za ka kai wa masu yanka farfela da daidaita nauyinta. Farfelar da ta yi tsawo tana dukan cikin giyabos a kowane rami. In girman kuros ya bambanta, kamar 1310 da 1330, akwai kuros mai haɗa girman biyu.

Mataki na 9: Birki

Fayif ɗin birki ana buɗa bakinsa ninki biyu, kuma ba a amfani da fayif ɗin jan ƙarfe na famfo ko mahaɗin matsewa. Ka bar wa tiyo tsawon da ba zai ja ba in aksul ya sauka ƙasa duka, ka nisanta shi da salansa. Kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, tana da dama da hagu, notin cire iska dole ya kasance a sama, in ba haka ba iska ba za ta taɓa fita ba.

In ka koma faifai daga durom, ka duba masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka birki. Na durom yakan zo da ƙaramin bawul mai riƙe ragowar matsi na fam goma, wanda zai sa birkin faifai ya riƙa kamawa yana zafi, sai an cire shi. Ka sa bawul mai daidaita ƙarfin birkin baya. Motar da ke da masta mai layi ɗaya, kamar yawancin na Amurka kafin 1967, wannan ne lokacin mayar da ita layi biyu, don tsinkewar tiyo ɗaya kada ta tafi da birki duka. Ka fara cire iska daga tayar da ta fi nisa da masta. Kada ka haɗa DOT 5 na silikon da DOT 3 ko 4. Ka gwada wili a kan kalifa kafin ka ɗaure, wili mai inci 14 sau da yawa ba ya shiga. Ka haɗa hambirki ya yi aiki sosai.

Mataki na 10: Mai da gwaji

Ka zuba man giya motar tana daidai har ya kai bakin ramin cikawa, 8.8 yana cin kusan lita biyu da rabi. In mai kamawa ne na kuloc, ka fara zuba ruwan ƙari na musamman, wajen mililita 120, in babu shi zai riƙa karkarwa a kwana.

Ka fara gwaji a fili da ƙaramin gudu. Ka taka birki da ƙarfi, tayoyin gaba ne ya kamata su fara kullewa. In na baya suka riga, ka rage musu matsi a bawul, don motar da bayanta ke fara kullewa juyawa take yi. Girgizar da ke zuwa in ka taka totur ta ɓace in ka saki, kusurwar finiyon ce. Wadda ke ƙaruwa da gudu ko da ka saki totur, daidaiton farfela ne ko taya. Kukan da ke canzawa tsakanin takawa da sakewa daga kirawun da finiyon yake, gurnanin da ke canzawa a kwana kuma boris ɗin bakin shaf ne. Agogon gudu zai yi ƙarya in rashiyo ya canza, sai a canza ƙaramar giyarsa a giyabos.

Bayan tafiyar farko ka kusantar da hannu ga kowane wili ka ji ko ɗaya ya fi zafi, ka duba yoyon mai a bakin shaf. Ka sake ɗaure yubol da notin wili bayan kilomita 100, ka kuma maimaita a kilomita 800, lokacin da sabon sifirin ya gama zama. A nan ne za ka sake auna tsayin motar da kusurwar finiyon, ka gyara in sun motsa.